Tumatir da attarugu sun ƙi nuna a ɗakin gilashi, ga sanyi ya kawo kai

Wata baiwar Allah, Bahaushiya mazauniyar wani gari kusa da Manchesta a arewacin Ingila, ta aiko da tambaya. Ta ce tana da ɗan ƙaramin ɗakin gilashi a bayan gida, ta shuka tumatir a ciki, ta jera tattasai da attarugu a tukwane. Bazarar bana ba ta yi kyau ba, kullum hadari da yayyafi, rana sai jefi-jefi. Yanzu Satumba ta kusa ƙarewa, shukar ta yi 'ya'ya sosai amma duk kore ne shar, dare kuma ya fara sanyi. Tana so ta san dabarar da za ta yi su nuna kafin sanyi ya kashe su.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Ki kwantar da hankalinki, yawancin tumatirin nan za ki ci shi ja in Allah ya yarda. Attarugun ne zai fi ba ki wahala, kuma dalilin da ya sa haka shi ne abin da nake so ki riƙe tun daga farko: waɗannan shuke-shuke biyu, duk da 'yan gida ɗaya ne, halinsu wajen nuna ya sha bamban. Tumatirin da ya ƙosa yana iya ƙarasa nuna ko an raba shi da uwarsa. Barkono kuwa, tattasai ne ko attarugu ko shambo, yana bukatar uwar ta ci gaba da rayuwa. Saboda haka shi tumatir 'ya'yan za ki ceta, shi kuma attarugu gindin za ki ceta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe.

Bari mu fara da tumatir. Mutane da yawa suna zaton hasken rana ne ke sa shi ja, shi ya sa za ki ga an tsinko ɗanye an jera a bakin taga. Ɗumi ne ke nunar da shi, ba haske ba. Tumatirin da ya ƙosa zai nuna ko a cikin durowa mai duhu, muddin akwai ɗumi. Ya fi son zafin da bai gaza digiri 18 ba bai kuma wuce 24 ba a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya haura digiri 30, sinadarin laikofin da ke ba shi jan launi ba ya samuwa yadda ya kamata, sai ya fito ruwan ɗorawa ko jaja-jaja maras kyau. Duk wanda ya san noman rani a Kadawa da Kura ya ga wannan da idonsa: tumatir mafi kyau na lokacin hunturu ne, sa'ad da dare ke da sanyi-sanyi, da zarar zafin Afrilu ya shigo kuma sai fure ya riƙa zubewa, launi ya lalace. To ke naki ciwon ta ɗaya gefen yake. Idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 12 ko 13, nuna yakan ja baya ƙwarai, idan kuma ya daɗe a ƙasa da 10, ɗan tumatirin yana samun illa a cikinsa, ta yadda ko an dawo da shi cikin ɗumi ba zai nuna da kyau ba, sai ya yi laushi ya ruɓe.

Nan ne ɗakin gilashi yake yaudarar mutane a irin wannan lokaci. Ki shiga da tsakar rana ki ji ɗumi, ki ce ai lafiya lau. Amma gilashi falle ɗaya ba ya riƙe zafi. Da asuba, cikin ɗakin da ƙyar yake ɗara waje da digiri biyu ko uku. Ina ba ki shawara ki sayi ma'aunin zafi irin wanda yake ajiye mafi ƙarancin zafin dare da mafi yawan na rana, ana samunsa a duk shagon kayan lambu kuma ba shi da tsada. Ki rataye shi daidai tsayin 'ya'yan, ba a jikin gilashi ba, ki duba kowace safiya. Shi zai gaya miki ranar da za ki daina jira. Idan kika ga dare uku ko huɗu a jere yana sauka ƙasa da digiri 10, zaman tumatir a wurin ya ƙare ke nan.

Kafin a kai ga haka, akwai aikin da ya kamata ki yi yau, ba gobe ba. Daga fure zuwa nunannen tumatir ana ɗaukar mako shida zuwa takwas ko a lokacin da yanayi ke da kyau. Furen da ya buɗe a ƙarshen Satumba a Manchesta ba zai taɓa zama abin miya ba. Ki yanke kan kowane gindi, ki bar ganye biyu a saman gungun 'ya'ya na ƙarshe da kike da fata a kansa. Ki cire duk fure, ki cire ƙananan rassan da ke tsirowa tsakanin ganye da kara, ki kuma cire 'yan ƙananan 'ya'yan da ba su kai rabin girmansu ba. Na san hannu ba ya son yin wannan, mutum ya yi wata shida yana raino sai a ce ya tsinke ya zubar. Amma abincin da ganyen ke iya haɗawa yanzu kaɗan ne, kamar malmalar tuwo ɗaya ce a gaban yara goma, in ba a rage hannuwa ba babu wanda zai ƙoshi. Masana lambu na Ingila suna ba da shawarar a tsayar da gindi tun sa'ad da ya yi gungu bakwai a ɗakin gilashi, huɗu kuma idan a fili yake, kuma a shekarar da rana ta yi rowa ni nakan ce biyar ma sun isa.

Ganye kuma kada ki yi masa aski gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi. Ki cire na ƙasa, da wanda ya yi rawaya, da wanda ya rufe gungun 'ya'ya, domin iska ta ratsa kuma ranar da ta samu ta ɗumama jikin 'ya'yan kai tsaye. Na sama masu lafiya ki bar su, su ne ke aika zaƙi. Ki yi yankan da safe a ranar da babu ruwa, da wuƙa mai kaifi, daf da kara, don raunin ya bushe kafin dare. Idan kin shafa wa gilashin farin fenti ko kin rataya raga don rage zafin bazara, ki cire, ki wanke gilashin ciki da waje. Kowace 'yar rana yanzu tana da daraja. Daga ƙarshen Satumba dare ya fara fin rana tsawo, kuma a wajenku raguwar tana da sauri: zuwa ƙarshen Oktoba hasken yini bai kai awa 10 ba, a Disamba kuwa wajen awa bakwai da rabi ne.

Taki ki dakatar da shi, musamman mai yawan naitirojin, domin ganye yake ƙarawa. Ruwa ki rage a hankali, ki bari saman ƙasa ya bushe kafin ki sake ba shi, ki zuba a gindi da safe kada ya taɓa ganye. Ɗan ƙishi yana sa shuka ta gaggauta nunar da 'ya'yanta. Abin da ba a so shi ne a bar ta ta bushe ƙamas sannan a kwarara mata ruwa, nan take fatar 'ya'yan za ta tsattsage.

Sai batun iska, wanda ya fi kowanne wuyar daidaitawa. Zuciya za ta ce miki ki rufe ƙofa da tagogi ruf don a tara ɗumi. Idan kika yi haka za ki tara laima, laima kuwa ita ce abokiyar cututtuka biyu da ke cinye tumatir a wannan lokaci. Ta farko furfurar fumfuna ce mai launin toka da ke kama raunin kara da mataccen fure. Ta biyu ta fi muni, ita ce cutar ƙonewar ganye da Turawa ke kira bilait, wadda ta halaka dankalin ƙasar Ayalan daga 1845 ta jawo yunwar da tarihi bai manta ba. Cibiyar James Hutton da ke kusa da Dandi a Sikotilan ta fitar da ma'aunin da ake gargaɗi da shi: kwana biyu a jere da zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma a kowace rana an samu aƙalla awa shida da laimar iska ta kai kashi 90 cikin 100. Kin ga ke nan bazara mai yawan yayyafi irin ta bana, ko irin ta 2012 da aka ce an yi shekara 100 ba a ga mai ruwanta ba a Birtaniya, ita ce gonar wannan cuta. Don haka ki buɗe taga da hantsi raɓar da ta taru a jikin gilashi ta fita, ki rufe da la'asar tun rana ba ta faɗi ba don ki kama ɗumin yini. Ki riƙa duba ganye kullum. Idan kika ga tabo mai ruwan ƙasa kamar an zuba ruwan zafi, ko baƙin tabo a jikin kara, ko 'ya'ya sun yi wani tauri mai ruwan ƙasa, to kada ki jira komai. Ki tsinke duk 'ya'yan da suke da lafiya a ranar, ki tuge shukar ki sa a shara, kada ki zuba ta cikin takin gida.

Yanzu ga ainihin tambayar: wane tumatir ne zai nuna idan an tsinke shi? Wanda ya ƙosa. Za ki gane shi da cewa ya kai cikakken girmansa, korensa ya yi haske ya koma fari-fari, fatarsa tana sheƙi. Idan kina shakka, ki ɗauki ɗaya mai matsakaicin girma ki yanka shi a tsakiya da wuƙa mai kaifi. Idan yauƙin ciki ya haɗu, ƙwayoyin iri kuma suna zamewa daga bakin wuƙa, ya ƙosa, haka ma duk sa'anninsa. Idan wuƙar ta raba ƙwayoyin biyu, cikin kuma busasshe ne, wannan bai ƙosa ba, kuma babu dabarar da za ta sa ya yi daɗi. Wanda ya fara juya launi a gindinsa, ko da ɗan ɗigon ruwan hoda ne, wannan ya riga ya kama hanya, ki tsinke shi ba tare da fargaba ba. Ɗanɗanonsa ba zai yi nisa da wanda ya nuna a kara ba, kuma cire shi yana sauƙaƙa wa na baya.

Abin da ke tafiyar da nunar iska ce da ake kira etilin, wadda shi kansa ɗan tumatirin ke fitarwa idan ya ƙosa. Wani masani mai suna Richard Gane ne ya tabbatar a Kambirij a 1934 cewa 'ya'yan itace da kansu suke samar da ita, a kan tufa ya yi gwajinsa. Masu sayar da ayaba da mangwaro a kasuwanninmu sun daɗe da sanin amfaninta ko ba su san sunanta ba, shi ya sa suke lulluɓe kaya a buhu ko a kwando. Ke ma haka za ki yi. Ki samo kwali maras zurfi, ki shimfiɗa takarda, ki jera tumatirin sahu ɗaya kada su hau kan juna, ki bar ɗan ƙaramin karan a jikinsu amma ki lura kada ya soki maƙwabcinsa. Ki sa nunanniyar ayaba ɗaya ko tufa a ciki, ki rufe da takarda, ki ajiye a ɗakin da ake zama. Kada ki yi amfani da leda, tana tara gumi. A zafin digiri 18 zuwa 21 za su nuna cikin kamar mako biyu. Idan kika ajiye wani kwalin a wuri mai sanyi-sanyi, digiri 12 zuwa 13, ba tare da ayaba ba, zai ɗauki mako uku zuwa huɗu, kin ga ba za su nuna miki gaba ɗaya su rasa mai ci ba. Ki leƙa bayan kwana biyu-biyu ki fitar da duk wanda ya fara tabo, musamman a makon farko, domin cutar da ta riga ta shiga ba ta bayyana sai bayan 'yan kwanaki.

Firji kuwa ki nisanta su da shi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Fulorida ta Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa daɗewa a sanyin firji yana dakushe ƙwayoyin halittar da ke samar da ƙamshin tumatir, kuma ba duka ke farfaɗowa ba bayan an fito da shi. Ɗanye kuwa nunarsa ma firji ke tsayarwa. Sannan ina roƙonki, ko wani ya ba ki shawara, kada ki kusanci sinadarin kabaid da wasu 'yan kasuwa ke nunar da kaya da shi. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta sha gargaɗi a kansa saboda gubar da ke tare da shi, ayaba ɗaya kuma ta ishe ki.

Mu koma kan barkono. Shi ba ya yin wannan tashin etilin mai ƙarfi irin na tumatir, don haka ayaba a kwali ba ta yi masa wani abin kirki. Wanda ya riga ya fara juyawa, ya yi ratsin ja ko ruwan lemo, zai ƙarasa launinsa a cikin gida cikin 'yan kwanaki. Wanda aka tsinke kore shar kuwa yawanci yanƙwanewa zai yi kafin ya yi ja, kuma zaƙi ba zai ƙaru ba. Tattasai yana bukatar ƙarin mako uku ko huɗu na ɗumi bayan ya kai girmansa kafin ya yi ja. Attarugu ya fi shi jinkiri, asalinsa daga yankin Amazon mai zafi da laima yake, kuma ya fi tumatir jin sanyi nesa ba kusa ba. Da zarar dare ya sauka ƙasa da digiri 15 yakan fara tsayawa, a ƙasa da 10 ganye ya fara zuba.

Sa'ar da kika yi ita ce a tukwane suke. Ki ɗauke su ki shigo da su cikin gida tun yanzu, ki ajiye a tagar da ke fuskantar kudu, wadda ta fi samun rana, a ɗakin da ake kunna ɗumi. Da dare ki janye su kaɗan daga jikin gilashin taga, kada kuma labule ya rufe su ta wajen sanyi. Kafin ki shigo da su ki duba bayan ganye da kyau, domin darɓa da farin ƙuda suna biyo shuka su hayayyafa cikin ɗumin gida. Ki wanke ganyen da ruwa, in kin ga ƙwari ki fesa ruwan sabulu mai sauƙi. Ki cire fure da ƙananan 'ya'ya kamar yadda kika yi wa tumatir, amma ganye ki bar shi. A tattasai, idan gindi yana ɗauke da 'ya'ya takwas, ki tsinke rabi ki ci su kore, sauran za su fi saurin ja. A haka attarugu yana iya ci gaba da nuna miki har cikin Nuwamba.

Idan tukwanen sun yi yawa ko sun yi nauyi, a nan ne kawai nake ganin hita ta cancanci kuɗinta, shi ma na mako biyu ko uku. Ki tara su wuri ɗaya a tsakiyar ɗakin gilashin, ki lulluɓe su da dare da farin mayafin lambu mara nauyi da ake sayarwa, ki manna ledar nan mai ƙurajen iska a jikin gilashi ta ciki, ki sa hita ta lantarki mai fanka da ke kashe kanta idan zafi ya kai inda aka saita. Hita mai kananzir tana ƙara laima. Gawayi kuwa kada ki kunna shi a rufaffen wuri ko kusa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Ɗumama ɗakin don tumatir kaɗai asara ce, kuɗin wuta zai fi kuɗin tumatirin, alhali kwali a ɗaki zai yi aikin kyauta.

Abin da bai nuna ba ma bai zama shara ba. Ɗanyen attarugu yana da yaji da ƙamshi, ki wanke ki tsane shi ki sa a firiza yadda yake, ki riƙa ɗauka kina jajjagawa tun yana daskare. Shanya irin ta gida ba za ta yiwu ba a wannan laima, fumfuna zai kama shi kafin ya bushe, sai dai a oba da ƙaramar wuta ƙwarai, a bar ƙofar a ɗan buɗe. Haka za ki yi idan kina son kauɗa daga tumatirin da ya nuna ya yi miki yawa. Ɗanyen tumatir yana da tsami, amma idan aka soya shi da albasa sosai aka haɗa da jan tattasai yana shiga miya. Maƙwabtanki Turawa sukan dafa shi da sukari da ruwan tsami su zuba a kwalba, su ci har hunturu ya wuce.

Akwai wani abu da nake so ki gwada da attarugun, domin shi zai raba ki da wannan damuwa baɗi. Barkono ba shukar shekara ɗaya ba ce, sanyi ne kawai ke kashe shi a Turai. Bayan kin gama tsinke 'ya'yan, ki zaɓi gindi biyu ko uku mafi lafiya, ki datse rassan ki bar kamar taƙi ɗaya sama da inda karan ya rabu, ki ajiye a wuri mai haske da zafinsa bai gaza digiri 10 zuwa 12 ba. Ruwa kaɗan-kaɗan, sai ƙasar ta bushe, taki babu. Zai zubar da ganye ya zama kamar busasshen itace, kada ki jefar. Ba duka ne ke kai labari ba, shi ya sa na ce biyu ko uku. Wanda ya rayu zai fara toho a Maris, sai ki sauya masa ƙasa ki fara ba shi taki, kuma zai riga wanda aka shuka daga iri yin fure da makonni da dama. Idan daga iri za ki fara, attarugu a Ingila sai an shuka shi a Janairu ko farkon Fabrairu a cikin gida, a ɗumin digiri 25 zuwa 30, in ba haka ba Satumba za ta sake riskarsa kore. Tumatir kuma ki haɗa da masu ƙananan 'ya'ya irin su Gardener's Delight da Sungold, waɗanda ke nuna da wuri ko rana ta yi ƙaranci, da Crimson Crush mai jure cutar ƙonewar ganye. Dogon tumatir irin Roma, wanda na san shi kike so don kaurin miya, yana da jinkiri, don haka ki shuka shi a ƙarshen Fabrairu, ki ba shi gefen ɗakin da ya fi samun rana, ki kuma yanke masa kai tun tsakiyar Agusta.